Ranar da Kwamfutar Alhaji Isiyaku Ta Ƙi Tashi

Ku da kuke cika mini benci da la'asar, kowa da waya a hannu, ina jin abin da kuke faɗa. Wai haɗa kwamfuta ba sana'a ba ce, kowane abu da raminsa, duk wanda ya kalli bidiyo ya iya. Ban musa muku gaba ɗaya ba, haɗawa kam ta yi sauƙi yanzu. Amma tamu sana'ar tana farawa ne a lokacin da mutum ya gama haɗawa, ya ɗaure sukuru na ƙarshe, ya yi bismilla ya danna makunni, sai ya ji shiru. Fanka ba ta juya ba, fitila ba ta kama ba. A nan ake neman Habu mai kwamfuta.

Ni ba da kwamfuta na fara ba. Mahaifina ya kai ni wurin Malam Ado mai gyaran rediyo a bakin kasuwar Tarauni, lokacin unguwar Gyaɗi-Gyaɗin nan ba ta cika haka ba. Na daɗe a shagon ban buɗe bayan rediyo ba, aikina shara da hura gawayin da ake ɗora ƙarfen dalma in babu wuta. Ranar da ya fara miƙo mini rediyo, ta wani direba ce, ta ƙi magana. Da zumuɗi na kwance ta gaba ɗaya, na baza kayan cikinta a faranti. Malam Ado ya dawo daga salla, ya duba. Ya ɗauki gidan batiran da na ajiye a gefe, ya juya ɗaya da direban ya sa a baibai, ya ce in mayar da komai yadda na same shi. Sai da yamma ta yi na gama. Daga nan ya ce, "Habu, wuta tafiya take yi. Ka bi ta daga inda ta fito, kada ka tare ta a tsakiyar hanya." Har na koma talabijin, daga can na koma kwamfuta, ban samu wata dokar da ta fi wannan ba.

Kayan aikina ma ba su canza sosai ba. Ga su nan kuna gani: sukundireba mai maganaɗisu a baki, mita mai allura wadda na fi yarda da ita a kan mai rubutu, burushin fenti na kakkaɓe ƙura, ɗan guntun waya da na lanƙwasa, sai kwali. Kwalin nan da kuke dariya in na hana a zubar, zan gaya muku amfaninsa.

An yi wata shekara da na kusa barin sana'ar. Da, abincinmu a wurin masu shagon intanet yake, kowane layi da nasa, kowane shago kwamfutoci jere, kullum sai ɗaya ta lalace. Da manyan wayoyi suka yawaita, sai shagunan suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya koma sayar da katin waya, wancan ya koma cajin waya. Sai in wuni a nan ban ga kowa ba sai mai tocila ko mai fankar caji. Abokan sana'ata da dama suka sayi adaidaita sahu. Ni kuma na rataya jaka na fara bin gidaje da ofisoshi, duk wanda ya kira in je. A shekarar na gane gyara a shago daban, gyara a ɗakin mutum daban. A shago inji kawai kake gani. A gida kuwa sai ka tarar da abin da ya sa mai injin ya ƙi cin abinci.

Aikin da nake so in ba ku labari bayan wannan ya zo, ba a daɗe sosai ba. Wata ranar Laraba da hantsi adaidaita sahu ya tsaya a nan ƙofa, wani dattijo ya sauko a hankali, da sanda a hannun dama, yana jan ƙafar hagu. Farar shadda, hula a zaune daidai, biro a aljihun gaba. Muka gaisa na ba shi kujera.

"Malam Habu ko? An ce kai ne ka san kan abin nan. Wani abokina ne ya sayi kayan kwamfuta ya haɗa da kansa, to ta ƙi tashi. Na ce bari in tambayar masa."

Na ce, "Alhaji, in an danna, fitila tana kamawa?"

"Ba ta kamawa."

"Ƙara fa? Ko ɗan motsi?"

"Ko ɗaya. Na kasa kunne har..." Ya dubi sandarsa, ya ɗan yi murmushi. "To. Ni ne abokin."

Sunansa Alhaji Isiyaku. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, aikinsa zanen taswirar gidaje da filaye, tun ana yi da fensir da rula har aka koma kwamfuta. Bayan ya yi ritaya hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Allah Ya ba shi sauƙi, magana ta dawo, ƙafa ta dawo rabi da rabi, hannun hagu kuma yana ɗagawa amma ba ya riƙe abu da ƙarfi. Na ce a kawo mini kwamfutar shago. Ya ce a'a, ni zan je.

Bayan azahar na je gidan, a Tarauni, cikin wani layi mai itatuwan darbejiya. Ɗakin da ya shigar da ni da alama sito ne aka gyara. Ga tsohon teburinsa na zane a jingine da bango, ga sabuwar kwamfuta baƙa a kan wani teburin, kwalayen kayan a jere a ƙasa, kowanne da takardar bayaninsa a kai. Ya fita ya sabunta alwala, sai uwargidansa, Hajiya Asabe, ta yi sallama ta ajiye mini ruwa, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Malam, don Allah wata alfarma zan roƙa," in ji ta, ta rage murya. "Ka ce masa sai an kai shago. Ka je ka gyara can, ka dawo da ita, ka ce wani ƙaramin abu ne daga kamfani. Tun ranar da abin nan ya ƙi tashi abincin kirki bai ci ba."

Kafin in ba ta amsa sai ga ƙarar sanda a tsakar gida. Ya ji ta.

"Hajiya, ba za a yi haka ba."

Ta juya ta tafi. Ya shigo ya zauna, ya jingine sandar, ya gaya mini abin da ke ciki. Tun da ya kwanta 'ya'yansa suka karɓe makullin mota. In ya manta inda ya ajiye tabarau, sai su dubi juna. Babban ɗansa, wanda suke kira Abba, yana aiki a Abuja, ya dage sai iyayen sun koma can wurinsa inda za a kula da su, a rufe gidan nan. Da Alhaji ya ce zai haɗa kwamfuta ya ci gaba da zane a gida, Abba ya ce a bari a sayo haɗaɗɗiya, kada ya wahalar da kansa. Shi kuma ya ƙi. Ga shi jibi Juma'a Abba zai zo.

"Ba yaron nake jin tsoro ba, Malam Habu," ya ce. "Ɗana ne, alheri yake nufi. Ni nake so in sani. Na bi takardun nan layi-layi, a ganina ban tsallake komai ba. In ka buɗe ka ga na yi abin da mai cikakken hankali ba zai yi ba, kada ka ɓoye mini. Sai in haɗa kayana in bi shi, ba sai an lallashe ni ba."

To kun ji. Wane bidiyo ne yake gaya muku abin da za ku yi a nan? Na san in na sa hannu na gyara, ko da gaskiya na faɗa masa daga baya, zai ce lallashinsa na yi. Sai na ajiye jakata a ƙasa, na ja kujera gefe.

Na ce, "Alhaji, ni ba zan taɓa ta ba. Zan riƙa faɗa, kai kana yi. Duk abin da muka gani, tare za mu gan shi."

Daga bango muka fara. Na ce ya zare wayar kwamfutar ya sa fankar tebur a soket ɗin. Fanka ta juya da ƙarfi. Na miƙa masa mita ya auna, wuta cikakka ce ranar, ba irin wadda ake kawowa rabi ba. Muka canza wayar da ke shiga bayan akwatin da wata da na zo da ita. Ya danna. Shiru. Na ce ya leƙa baya, akwai ɗan makunni a jikin fawa saflai, wato tukunyar da ke karɓar wutar bango ta raba wa kayan ciki. Kun san mutum nawa suka yi mini tattaki saboda wannan ɗan makunnin? Nasa a kunne yake.

"Wannan na duba shi ya fi a ƙirga," in ji shi.

Sai muka buɗe gefen akwatin. Gaskiya na tsaya na kalli aikin. Wayoyin nan an bi da su ta baya an ɗaure, babu wadda ta gitta wa fanka. Ban yaba masa ba, don yabo a wannan lokacin ba shi da amfani. Na ce ya zare babbar wayar da ta fito daga fawa saflai ta shiga madabod, babban allon da komai yake zaune a kai. Da hannu ɗaya abin yana da wuya, ƙugiyar tana da tauri. Ya dafe allon da bayan hannun hagu, ya ja da na dama, sai da ya yi gumi ta fito. Na ba shi guntun wayar nan tawa, na nuna masa ramin koriyar waya da na baƙar da ke kusa da ita, ya haɗa su. Ya kunna bango. Fankar fawa saflai ta ɗauka, fiiii.

Ya ɗago da sauri. "Ta tashi?"

"Tukunya ce ta tashi, Alhaji. Mun dai san ita lafiyarta ƙalau. Wuta ta zo nan. Saura mu ga inda ta tsaya."

Ya mayar da wayar. Muka duba ta biyu, ƙaramar da ke ciyar da furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, a saman allo, wadda yara da yawa suke mantawa. Tana nan, ta shiga har ƙugiya ta kama. Muka sauko kan 'yan siraran wayoyin da ke zuwa daga makunnin gaba. Waɗannan su ne masu ba da kunya, ƙananan allurai ne a jere, rubutun kusa da su sai da tocila, in ka kauce da ɗaya shi ke nan. Ya sa tabarau, na haska masa, ya karanta takarda ya karanta allo. Kowace waya tana kan allurarta.

Na ce ya zare ta makunnin, ya taɓa allurai biyun da bakin sukundireba, don in makunnin gaba ne ya zo a lalace, wannan zai tashe ta. Ya taɓa. Ni idona yana kan fankar furosesa. Sai na ga ta yi ɗan motsi, kamar mai barci ya ɗaga gira, ta tsaya.

"Ka gani?"

"Ban ga komai ba."

"Sake taɓawa, amma ka kalli fankar nan."

Muka kashe bango muka kunna, ya sake. Ta sake motsawa ta tsaya. Na yi masa bayani: in fanka ta yi haka, wuta ta shiga ke nan, amma ta tarar da wata gajeriyar hanya da bai kamata ba, sai tukunyar ta yanke kanta don kada abu ya ƙone. Wani ƙarfe yana taɓa inda bai dace ba. Muka cire katin hoto, muka bar ram guda, wato sandar da take riƙe aikin da ake kai, muka zare faifan ajiya. Duk abin da muka cire sai mu gwada. Motsin nan dai shi ne, ba ƙari.

Aka kira la'asar. Muka yi salla a nan ɗakin, shi a kan kujera. Da muka idar na ce, "Alhaji, sai an fito da allon gaba ɗaya."

Ya dubi akwatin ya dubi hannunsa. Aikin da ya ɗauke shi kwanaki ne nake cewa ya warware. Bai yi gardama ba. Na ba shi sukundirebata mai maganaɗisu, don tasa in sukuru ya kwance sai ya faɗa ciki, ga shi babu hannu na biyu da zai tara. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a murfin kofi. Ya tallabo allon a hankali. To ga amfanin kwali: na jawo kwalin da allon ya zo a ciki na ɗora a tebur, ya kwantar da shi a kai, babu ƙarfen da ke taɓa shi ta ko'ina. Ya haɗa wayoyin wuta biyu, ya haɗa talabijin ɗin kwamfutar, ya taɓa allurai da sukundireba.

Fanka ta juya. Ta ci gaba da juyawa. Can sai rubutu ya fito fari a kan gilashi.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar.

Na ce, "Kayanka duk lafiya. Laifin yana cikin akwati. Leƙa ka gaya mini abin da ka gani."

A ƙasan akwatin kwamfuta akwai 'yan ƙafafun tagulla da ake ɗaurawa, su allon yake hawa don kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Dokarsu ɗaya ce: kowace ƙafa sai ta yi daidai da ramin sukuru a jikin allo. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana auna filaye ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya dubi ramukan allon, ya dubi ƙafafun, ya sake duban allon. Sai ya sa yatsa a kan wata ƙafa da ke tsakiya, wadda babu rami a samanta. Ita ce ta tokare bayan allon, tana haɗa layukan wuta da ƙarfen akwati.

"Wannan ba ta da gurbi," ya ce.

"Ita ce."

"A leda suka zo, ga ramuka a akwatin. Na ce ba za su ba da abu a banza ba, sai na ɗaura su duka." Ya kwance ta, ya riƙe a tafin hannu yana jujjuyawa. Sannan ya dube ni sosai. "To, Malam Habu. Gaya mini gaskiya, kada ka ɓoye."

Na ce, "Alhaji, ni ba likita ba ne, abin da ke cikin kai ban san shi ba. Abin da ke cikin akwati na sani. Wannan kuskuren na gan shi a wurin ɗaliban jami'a, na gan shi a wurin masu shago irina. Akwatin an yi shi don allo iri-iri ne, shi ya sa ramukan suka yi yawa, takardar kuma ba ta faɗa da kyau ba. Mai gaggawa ba ya yin sa, shi ragewa yake yi. Sai mai son ya cika komai. Sauran aikin kuma da idonka ka gani, mun bi shi tun daga bango, ba mu samu ko waya ɗaya a inda ba nata ba."

Ya sake duban 'yar tagullar. Sai ya jefa ta a aljihun gaba, kusa da biro, ya ce, "Miƙo mini sukundirebar."

Mayarwar ta fi cirewar wahala. Sai an daidaita allon da ramuka, an tura shi baya, an riƙe, sannan a ɗaura sukurun farko. Aikin hannu biyu ne. Allon ya zame masa, ya sake, ya kuma zamewa. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, na haɗa su na matse a tsakanin gwiwoyi. Daga ƙarshe ya kwantar da akwatin, ya danne gefen allon da tsintsiyar hannun hagu, ya sa nauyin kafaɗarsa, sukurun ya kama. Daga nan sauran suka bi. Rana ta yi sanyi sosai kafin ya rufe gefen akwatin.

Ya kai yatsa kan makunni, sai ya fasa. Ya ɗaga murya.

"Hajiya! Zo mana."

Ta zo bakin ƙofa tana goge hannu da gefen zani, ta dube ni, ta dube shi.

"Shigo ki danna nan."

"Ni? Alhaji, in na ɓata fa?"

"In kin ɓata zan gyara."

Ta danna da ɗan yatsa ta janye da sauri kamar ta taɓa tukunya. Shuɗiyar fitila ta kama, fankoki suka ɗauka, rubutu ya fito. Ta ce, "Alhamdu lillahi," ta sake cewa. Sannan ta juyo wurina. "Malam, Allah Ya saka da alheri, Allah Ya yi wa sana'a albarka."

Na ce, "Amin, Hajiya. Amma jakata ga ta can, abin da ya fito daga cikinta aro aka yi. Kwamfutar ban taɓa ta ba."

Ta dubi mijinta. Shi kuma yana ta kallon gilashi kamar bai ji ba. Can ya ce, "Akwai sauran tuwon nan?"

Ranar Juma'a ba na nan, don haka ba zan ƙirƙira muku abin da aka faɗa ba. Abin da na sani, ba su koma Abuja ba. Makullin mota dai ba a mayar masa ba, kuma da na ga yadda yake jan ƙafar nan, ban ga laifin yaran ba. Na koma sau ɗaya na taya shi sa manhajar zane. Sukundirebar da na bar masa ya aiko mini da ita, ya ce ya sayi tasa.

Bayan 'yan watanni na bi ta layin zan je wani aiki, sai na tarar ana zuba siminti a ƙofar masallacin unguwar. Matakalar masallacin dogaye ne, tsofaffi da yawa sun daina hawa, a waje suke shimfiɗa darduma. Magina suna yin gangare a gefe, da ƙarfen dafawa. Alhaji Isiyaku yana tsaye a kansu, sanda a rataye a hannun hagu, takardar zane a na dama, shi ya zana ta a kwamfutar nan. Na yi masa sallama. Ya amsa bai ko juyo sosai ba, don hankalinsa yana kan magini.

"Malam Habu, yi haƙuri ina zuwa. Kai, ɗan samari, ɗaga igiyar nan. Ka sauka da yawa, mai keken guragu ba zai iya hawa ba. Sake aunawa."

Na tsaya na ɗan kalla, na ga ba shi da lokacina, na wuce.